Ƙyauren Katabu

Laraba, 5 ga Afrilu, 1972
Kwana uku da aka mai da tuƙi hannun dama, asibitinmu ya koma mahauta. Yau mutum huɗu daga hanyar Zariya. Ɗaya magini ne, an naɗo shi a bayan tasi kamar tabarma. Abokinsa ya rantse cewa a wurin hatsarin maginin yana motsa ƙafa. Na soka masa allura a tafin ƙafa, ko gezau. Mota ta karya ƙashin baya, masu taimako suka ƙarasa tsinke lakar. Shi ne na talatin da ɗaya a littafina na waɗanda ƙafarsu ta shanye.

Juma'a, 14 ga Afrilu
Takardar neman tallafin bincike da na aika ta dawo. Me na nema? Katakai a tashoshin mota, a koya wa 'yan tasha ɗaukar mai rauni a miƙe, ni kuma in bi sawu shekara guda in ga ko shanyewar ƙafa ta ragu. Kwamiti ya ce ƙaramin likita ba ya nema shi kaɗai, sai babba ya sa suna a sama. Babban kuwa Dakta Datti ne, shugaban sashenmu, wanda rabonsa da taɓa jini tun zamanin Turawa. Wai, "Yusha'u, kawo in sa hannu, kai ka zo na biyu." Wata goma sha takwas ina juya mutanen nan, ina wanke musu gyambo. Na bugo masa ƙofa har gilashin ya tarwatse.

Talata, 18 ga Afrilu
Matata Rahmatu ta ce, "Maigida, suna kake nema ko katako?" Na maka kofin shayi a bango. Ta share fasassun. Kunya ta kama ni, amma ban ba ta haƙuri ba.

Asabar, 6 ga Mayu
Dole in rubuta wannan.

Ina dawowa daga Zariya a babur da la'asar, na tarar da babbar mota ta haɗu da bas a Katabu. Jini har cikin kwata. Wata mata ta riƙe hannunta da ya kusa rabuwa da jikinta tana salati. Direban bas, Jibrin, yana kwance a bakin titi, yana cewa wuyansa. Ƙafarsa na motsi, na gani da idona. Sai ga yayansa Ila, wani ƙato, ya kama shi ta hammata zai zaunar da shi ya sha iska, wani na miƙo butar ruwa. Na yi ihu kada a taɓa shi. Ko kallona bai yi ba. Na naushe shi a ido.

Mutanen wurin suka rufe ni da duka. Wani da takalmi, wani da icen girki. Haƙorina ɗaya ya tafi. Na faɗa kusa da Jibrin na tokare kansa da hannu biyu, ana ta shurin haƙarƙarina, ina cewa ni likita ne, ku kashe ni amma kada ku ɗaga shi. Wani dattijo mai shago ya daka musu tsawa. Na ce masa, "Baba, ƙyaure nake so." Ya ɓalle na shagonsa. Mutum shida muka ɗora Jibrin a kai a miƙe, har da Ila, ido a kumbure yana zagina.

Talata, 9 ga Mayu
Jibrin ya motsa yatsun ƙafa duka goma. Na shiga ɗakin magani na yi kuka.

Ila ya zo da zakara. Ya ce, "Likita, da na zaunar da shi fa?" Na nuna masa maginin nan a gadonsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mu haka muka taso muka ga ana yi. Ba wanda ya taɓa faɗa mana."

Alhamis, 11 ga Mayu
Wata malamar makaranta daga Kawo. A bayan tasi, a naɗe. Shekararta ashirin da uku, ba za ta sake tsayawa gaban allo ba. Ba na wurin balle in naushi wani. Hanyoyi nawa ne a jihar nan, haƙora nawa suka rage mini?

Litinin, 15 ga Mayu
Yau ake rufe karɓar takardu. Na je wurin Datti ya sa hannu. Ya sa sabon gilashi a ƙofar.

Alhamis, 22 ga Yuni
An ba da tallafin. Wasiƙar da sunan Datti ta zo, nawa yana ƙasa da ƙananan haruffa. Mutane na ta yi masa barka, shi ko yana ta amsawa. Ban ce ya kyauta ba, ba zan taɓa cewa ba.

Na saya wa Rahmatu kofi. Na mayar wa dattijon Katabu ƙyaurensa, jinin bai fita duka ba. Daga nan na wuce Unguwar Shanu wurin kafinta, na ba shi awon katakai ashirin. Ila ne zai fara koya wa 'yan tashar Kawo. Kafinta ya ce, "Likita, sunan wa zan rubuta a jiki?"

Na ce ya bar su haka.