Shaidar wanda bai gani ba

Tasawa, daren Laraba, ƙarshen Sha'aban

Yau na kunyata ɗana Habibu a zaurena, kunyar kuwa ta komo kaina.

Mun dawo daga roƙon ruwa, zuciyata a ƙuntace. Gero ya ƙone a Hawandawaki, soji na rabon dawar agaji. Da muka zauna a zaure, liman ya tambayi Habibu aikin da yake yi a Faransa. Ya ce wani tulun ƙarfe suke cikawa da iska ta musamman, su ajiye shi ƙarƙashin dutse, suna dakon ƙwayar zarra ta tsage ta bar alama a cikin iskar. Abu ne da ba safai yake aukuwa ba.

Liman ya ce, "To, me kuka gani?"

"Har yanzu ba kome, Malam."

Aka yi dariya. Sai na ji bakina yana cewa, "Mutane na cin ganyen jiga don yunwa, kai kana gadin tulu. Ko ƙarya ce ai sai ka kawo mana."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Baba, kai ka hau da ni tudu duban wata. Ka ce wanda bai gani ba, in ya faɗi bai gani ba, shi ma shaida ya bayar."

Haka na koya masa. Ni na saki, shi ya riƙe. Astagfirullah.

Gobe bayan asuba motarsa za ta tashi zuwa Yamai, ban kuwa sa masa albarka ba. Fitilar ɗakinsa ba ta mutu ba tukuna. Bari in sa takalmi.