Mundo a Bakin Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta saki?

Yaya, Baba ne ya hana ni sukuni. Sati uku ke nan wani dogo mai tabarau yana zuwa shagonsa, ba takalmi a hannunsa balle a ce gyara ya kawo. Da na shigo da abinci sai su yi tsit, Baba ya tura wani littafi ƙarƙashin fatu.

Shekaranjiya ya fita alwala, na zaro shi. Rubutunsa ne: mundo duniya, tierra ƙasa, mar teku, cielo sama. Mai kemis ta ce Sifaniyanci ne. Me tsoho mai shekara saba'in zai yi da teku? Ga shi ya sa an sayo masa waya, shi da ke cewa waya aikin marasa aiki ce. Yana ɗinki yana mundo, mundo, har allura ta soke shi. Raina bai kwanta da dogon nan ba. Irinsu ne ke yi wa tsofaffi romon baka su raba su da shago. Gobe zan tare shi.

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na tare dogon a bakin layi, na wanke shi tas. Ashe malamin makaranta ne, Baba ne ya nemo shi. Kunya kamar in nutse.

Da na koma, Baba ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Hoton zane ne: duniya da kalar yara, an ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yar Yaya Babba ce ta zana, wanmu da ya ƙetare teku shekara goma sha biyu ke nan, Baba ya rantse ba zai ƙara kiran sunansa ba. Yarinyar ba ta jin Hausa ko kaɗan, sai Sifaniyanci.

Yau na ji yana tambayar malamin yadda ake cewa dawo gida. Na ce ai Yaya Babba bai manta Hausa ba. Ya ce ya sani, da Hausar ne bakinsa ya kasa faɗa.

Ki zo, don Allah.
Taki, Auta