Cajin Wayar Sule

Daren Lahadi, 9 ga wata, Sheme.

Yau aka buga babban wasa, amma mutum huɗu ne a gidan kallona, har da Baba Audu mai gyangyaɗi.

Wancan watan da masu dish suka sake ƙara kuɗi, cewa na yi zan rufe. Sule ne ya dafa kafaɗata gaban jama'a ya ce, "Haba Bala, ai mu naka ne. Ka biya, ba inda za mu." A kan maganarsa na kai ragona kasuwar Ƙanƙara.

Shekara shida Sule na zama bencin gaba, ban taɓa amsar ko sisinsa ba, don tare muka tashi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na fita sayo fetur. Sai ga su Sule wajen mai shayi, sun fi goma, sun haɗa kai a kan wayar Sule suna kallon wasan. Wai karo-karo suka yi suka sayi data, ta fi araha. Hoton sai tsayawa yake, amma ba wanda ya ɗago.

Ban ga laifin mai neman araha ba, ni ma talaka ne. Amma da ya gaya mani gaskiya, da ragona na nan ɗaure.

Ana tashi wasa ya shigo da sallama, ya miƙo mani wayar. "Bala, tun da injinka na aiki, ɗan sa mani caji."

Na amsa na sa masa. Abin da ya hana ni barci ke nan.