Awon Safe

Litinin, 3 ga Maris

Yau na kai sikelin gida makaranta a cikin jakar goyo. 'Yan ƙungiyar gudu sun dame ni, wai atisaye na zaftare musu ƙiba kullum, sai na ce a gwada a gani. Kowa ya hau kafin mu fara, ya sake hawa bayan zagaye goma na fili. Kusan duk sun ragu da rabin kilo, wani ma kilo guda. Ihu kamar an ci kofi. Na bari suka gama murna, sannan na sa kowa ya sha ruwa ya ƙoshi, ya koma ya hau. Nan fa fuskoki suka canza.

Na zaunar da su a inuwa na yi bayani. Gumi ne ya fita, ba kitse ba. Washegarin atisaye mai tsanani ma nauyi kan ƙaru, don tsoka tana riƙe ruwa kafin ta warware. Awon gaskiya na safe ne: ka tashi, ka zaga, ba ka ci komai ba, sau ɗaya a mako. Kuma lamba ɗaya ba ta cewa komai, sai an jera ta da 'yan uwanta an ga inda suka nufa.

Lauya, yarinyar nan ta aji biyar da ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba, ta ce, "To Malam, sikelin ne maƙaryaci ko mu?" Na ce mu ne, shi bai san ƙarfe nawa ba. Ina son yaran nan wallahi.

Sun matsa sai na hau. 71. Na ce gumi ne. A Janairu 75 nake.

Alhamis, 6 ga Maris

Da safe, yadda na koya musu: 71. To ba gumi ba ne. Gudu ne ke aiki.

Juma'a, 14 ga Maris

Maman yara ta ƙara wa bel ɗina huda da ƙusa. Tana yi tana dariya: "Malam, ɗalibanka kake raba wa abincinka ne?" Da ta zo kwashe kwanuka ta ga nawa, sai dariyar ta tsaya. Na ce zafi ne ya hana ni ci.

Talata, 25 ga Maris

69. Mako biyu ke nan ban yi gudu ba. Zagaye biyu numfashi ke ƙarewa, don haka nake tsayawa bakin fili da usur. Yaran sun ɗauka sabon salon horo ne.

Wanda bai yi gudu ba, me ke fita daga jikinsa? Da ɗalibi ne ya yi min wannan tambayar da na ce ya tashi a tafa masa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na daina hawa da safe. Bayan abincin rana, da takalmi, da makullai a aljihu: 70. Har daɗi na ji. Ni ɗin nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tun watan jiya muka manna babbar takarda a bangon aji, kowa na rubuta awonsa na mako. Layina ya tsaya tun Maris. Lauya ta gani.

"Malam, ba ka yin aikin gida."

Aji ya fashe da dariya. Na ce sikelina ne ya lalace.

"Ai kai ka ce a duba inda lambobi suka nufa. Naka ina suka nufa?"

Na daka mata tsawa, na ce ta fita. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa ban taɓa korar yaro don ya yi tambaya ba. Ta fita da littafinta a ƙirji. Na ci gaba da darasi har aka buga ƙararrawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yaya ta zo. Na san maman yara ce ta kira ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta kama wuyan hannuna, yatsunta biyu suka zagaye shi har da saura.

"Auta, haka Baba ya fara."

Na shiga yi mata bayanin ruwa da gishiri da tsoka. Ta bari na kai aya.

"Ni ba ɗalibarka ba ce. Shi ma dalili ba ya ƙare masa, yau zafi, gobe aiki. Da muka kai shi me likita ya ce?"

Na sani. Ni na tsaya a gaban likitan. Ya ce da mun zo wata shida da suka wuce.

Ƙaramar 'yata tana ƙofar falo tana cin biskit tana kallonmu. Shekararta huɗu.

Talata, 15 ga Afrilu

Ban hau ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na ba Lauya haƙuri a gaban aji. Ta ce, "Ba komai, Malam," ta zauna. Har darasi ya ƙare ba ta ɗaga hannu ba. Gara a ce ta yi min gardama.

Litinin, 21 ga Afrilu

Safe. Na zaga, ban ci komai ba. Maman yara tana bakin ƙofar banɗaki da tsintsiya, wai shara take. Na hau, na dubi bango, na ce ta karanta min.

Ta daɗe a sunkuye. Ta ce 66.

A makaranta na cike takardar neman izinin ranar Laraba. Wurin dalili na rubuta "uzurin iyali", na soke, na rubuta "asibiti". Don dai hankalin Yaya ya kwanta ne. Gwajin jini kawai, mai yiwuwa ba komai.

Na ce wa maman yara ba sai ta raka ni ba. Ta ce to. Da yamma na ga ta goge kayan fitarta ta rataye kusa da nawa. Ban ce ta mayar ba.