Injin Tyav Ba Ya Fitsari

Malam Yahya, don Allah a taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan tambaya ba tare da an yi mini dariya ba. Ni mai gyaran janareta ne a Bukan Sidi, nan Lafia. Ina yin aikina daki-daki, in ɗora sukudireba a jikin inji, in kanga kunne, in saurara. Duk da haka kullum ina zargin kunnena.

Abokina Tyav yana da kwalekwale a wajen Tunga, yana ƙetarar da mutane da doyarsu a Binuwai ranar kasuwa. Ya aiko mini da injinsa a mota, wai yana zafi, yana wani kuka siriri, kuma ba ya fitsari. Hausar Tyav sai a hankali, don haka na ɗauka maganar fitsarin wasa ce. Na kwance ƙasan injin, na tarar robar famfon ruwa ta cinye, har fiffikenta ɗaya ya ɓalle. Na sa sabuwa, na ɗaure injin a benci, na tayar don in ji muryarsa. Ƙarar da ya yi ta fi ta dā, har mai shayin gefena ya leƙo yana tambaya ko jirgin sama na sayo. Sai na ji warin roba, na kashe.

Yayana Ɗanladi ya ce sabon kaya haka yake, in mayar wa mai shi. Tyav kuma yana ta kira, kasuwa ta matso. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Me ya sa gyara ya ƙara ƙara? Kuma me inji zai yi da fitsari? Mata da yara ke hawa jirgin nan.

Mai Sauraro, Lafia

Mai Sauraro, Hausar Tyav ba ta da laifi. Injin jirgi ba shi da tankin ruwa, kogin yake zuƙa ya sanyaya kansa, sannan ya tsarto ɗan ruwa ta wata ƙaramar kafa a gefe. Shi ne fitsarin. Idan ya tsaya, ruwa ba ya zagayawa.

Ka gano cutar daidai, kuma Ɗanladi yana da gaskiya ta gefe guda: ƙarar ba abin tsoro ba ce. Hayaƙin injin ta ƙarƙashin ruwa yake fita, shi ya sa a tudu yake ihu. Warin ne matsalar. Wannan roba ruwa ne ke jiƙa ta, in ta juya a bushe nan take take ƙonewa. Ina kyautata zaton sabuwar ma ta tafi.

Sake kwancewa ka canza ta. Nemo fiffiken da ya ɓalle, yana iya toshe hanyar ruwa, ka kuma duba ko yashin kogi ya goge gidan famfon. Sannan ka cika duro da ruwa, ka tsoma ƙasan injin har ruwan ya rufe famfon, kafin ka tayar. Idan fitsari ya fito da ƙarfi, sai ka saurari kukan nan siriri. In bai tafi ba, duba man giyar injin. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Kira Tyav yau ka gaya masa komai. Gara ya rasa kasuwa ɗaya da inji ya mutu masa a tsakiyar Binuwai. Ranar mayarwa ka bi injin har bakin kogi, ku gwada tare kafin fasinja ya hau.

Allah ya sa albarka a hannunka, ya ƙetarar da Tyav da mutanensa lafiya.