Muryar Inna a Lasifika Shida

Laraba da dare, Malumfashi

Ka yi haƙuri littafina, yau ban cancanci riƙe biro ba.

Malam Emeka mai koya mana fiziks ya kewaye ajinmu da lasifika shida. Ya ce mu rufe ido, za mu ji kamar muna cikin ɗakin da ya ɗauko sautinsa. Yana kunnawa sai ga mu a kicin ɗin makaranta: tukwane a dama, famfo a bayanmu, rufin kwano yana amsa kowace murya. Sai Inna ta yi magana daidai kunnena: "Rabi, zo ki ci kafin ƙawayenki su gan mu."

Ba wanda ya san mai wanke-wanken makaranta ce ta haife ni.

Zulai ta ce, "Rabi, wai tsohuwar nan mai warin daddawa uwarki ce?"

Na ce, "Allah ya kiyaye! Tausayinta kawai nake ji." Har ɗingishinta na kwaikwaya, aji ya ɗauki shewa.

Da magariba Inna ta ce, "An ce an sa muryata a ajinku. Ta fito da kyau?" Na ce ta fito. Ta yi murmushi, ta ƙara min miya.

Don Allah ka bar ni in sake rubuta maka gobe. Ita na kasa kallon idonta.