Inuwar Motar Asibiti

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Umma, yau labari mai daɗi na kawo miki. An yi wa Baba irin aikin da aka yi miki, kuma ya dawo gida da ƙafarsa.

A asibitin nan na Sharada ne dai. Na san za ki ce ba ni da hankali. Da likita ya ce jijiyar zuciyar Baba ta toshe, sai an zura ɗan ƙaramin ƙarfe an buɗe ta, ke na fara tunawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma layin babban asibiti na watanni ne, zuciyar Baba kuwa ba ta da wannan haƙurin.

Ban manta ranarki ba. Ana cikin aikin jijiyar ta yage, asibitin ba su da likitan tiyatar zuciya, motarsu kuma an aike ta wani wuri. A adaidaita muka ɗauke ki, kanki a cinyata, ga 'yan kamfani sun tashi daga aiki sun cika titi. Ba mu isa da ke ba.

Bayan rasuwarki 'yan kwamitin lafiya na majalisa suka zagaya asibitocin da ke irin wannan aiki. Kin san ni da 'yan siyasa, na ɗauka yawon ɗaukar hoto ne. Ashe sharaɗi suka kafa: asibitin da ba shi da mai tiyatar zuciya kada ya taɓa jijiyar kowa sai motar ɗaukar marasa lafiya tana tsaye a bakin ƙofa, direba a ciki, hanya a buɗe, an kuma sanar da babban asibiti. Sukan dawo ba zato su duba.

Ranar aikin Baba na tarar da motar a tsaye. Na zagaya ta, na duba tayoyinta kamar mai niyyar saye, har direban ya yi min dariya.

Sai ga mutanen Baba. Abokan aikinsa na kamfanin fata na Challawa, da 'yan layinmu na Panshekara, duk wanda ya taɓa cin tuwonki ya zo dubiya. Rana ta take, farfajiyar babu bishiya ko ɗaya, inuwar da ake da ita ta motar ce kawai. Kafin in leƙa Baba in dawo sun shimfiɗa tabarmi a gabanta da gefenta, an jingina babura, amininsa Malam Sale ya ajiye adaidaitarsa daidai hancinta. Har an fara buɗe kwanukan abinci.

Sista Hannatu ma'aikaciyar jinya ta ce ba za a shiga da Baba ba sai hanya ta buɗe. To wa zai tashi dattawa?

Ke ce kike cewa, “Wanda ya tako ya zo gaishe ka, ko a kan gadonka ya zauna ba ka tashinsa.” Umma, na tashe su. Na durƙusa har ƙasa na gaida kowa, sannan na kama bakin tabarma na fara naɗewa. Malam Sale ya ce, “'Yar Rabi, yau mu ake kora?” Na ce masa rashin wannan motar ne ya sa babu Rabi a gida.

Shi da kansa ya tura adaidaitarsa gefe. Suka jeru hagu da dama cikin rana, duk mai babur da ya nufo wurin su daka masa tsawa. Baba Yakubu, maƙwabcinmu mutumin Kudancin Kaduna, ya cire hularsa yana ba da hannu kamar ɗan sandan titi.

Ni kuwa ina riƙe da ƙofar motar har Sista Hannatu ta fito tana murmushi. Motar ba ta motsa ba, Umma. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar motar nan da ba ta je ko'ina ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba a ranarki.

Yanzu Baba yana gida, kullum rigimarmu a kan gishiri. Wai ko da gishirin ma miyata ba ta kama ƙafar taki ba. Malam Sale kuma ya raɗa min suna Sarkin Tasha, sunan ya bi ni har bakin famfo. Hankalina a kwance yake, sai kewarki da ba ta da magani.

Allah Ya jiƙan ki, Ummata, Ya yafe miki, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ya ba ki inuwar da babu mai tashin ki daga cikinta.

'Yarki mai korar baƙi,
Bilkisu